Gwamnati, alade da mai saye: wa ke juya farashi?

Tambaya: Ina karatun tattalin arzikin noma, kuma kusan duk littafin da na buɗa sai na tarar an kawo misali da naman alade idan ana maganar manufofin abinci. Ta yaya manufar gwamnati take taɓa farashinsa, kuma shin da gaske tana iya sa mutane su ƙara saye ko su rage?

Amsa: Malam, ba banza ake yawan kawo wannan misali ba. Naman alade da na kaza su ne nama biyu da aka fi ci a duniya, kuma ƙasar Sin kaɗai tana kiwon kusan rabin aladun duniya tana kuma cinye su. Ko wanda bai taɓa kusantar wannan nama ba yana jin motsin kasuwarsa a aljihunsa, domin masara da waken soya da ake ba alade su ne ake ba kaji da shanu, kuma duk sanda ya yi tsada masu cin sa sukan juya kan kaza da naman sa su ɗaga musu farashi.

Gajeriyar amsa ita ce: gwamnati tana iya motsa farashin, sosai ma, amma ba kasafai take motsa shi ta wurin da take nufi ba, kuma ba a lokacin da take so ba. Dalilin yana jikin dabbar kanta.

Macen alade tana ɗaukar ciki kwana 114, wato wata uku da mako uku da kwana uku. Ɗan da ta haifa yana buƙatar kimanin wata shida kafin ya kai nauyin yanka. Idan kuma sabuwar uwa za a raina, sai an ƙara wata bakwai zuwa takwas kafin ta isa barbara. Saboda haka duk shawarar da mai kiwo ya yanke yau, naman ba zai iso kasuwa ba sai bayan wata goma, wani lokaci shekara ɗaya da rabi. Farashi ya yi kyau, kowa ya ƙara iyaye mata. Bayan shekara nama ya cika kasuwa, farashi ya faɗi, kowa ya sayar da iyayen ga mahauta. Bayan wata shekarar nama ya yi ƙaranci, farashi ya sake hawa. Wani masanin tattalin arziki Bajamushe, Arthur Hanau, ya bayyana wannan zagaye tun 1928, har yau kuma ana kiran sa zagayen alade ko da ana maganar kasuwar gidaje ce ko ta injiniyoyi. To duk manufar gwamnati a kan wannan zagaye take sauka. In ta zo a kan gaɓa ta rage masa kaifi, in ta zo a makare ta ƙara masa.

Ka fara duban abinci, domin can ne kuɗin yake. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon alade abinci ne, kuma ana buƙatar kusan kilo uku na abinci kafin ya ƙara kilo ɗaya na nauyi. Shi ya sa dokar da ko sunan alade babu a cikinta takan fi shafar farashinsa fiye da wadda aka rubuta dominsa. A 2005 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta gauraya man itanol, wanda ake yi da masara, a cikin fetur, ta faɗaɗa ta a 2007, har ta kai sama da kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar yana tafiya masana'antun itanol. Gaskiya ne dusar da ta rage tana komowa ta zama abincin dabbobi, amma ba ta maye gurbin ƙwayar. Da fari ya afka wa gonakin Amurka a 2012, masara ta haura dala 8 kan kowane bushel, awon da ya kai kimanin kilo 25. Masu kiwo da wasu gwamnoni suka roƙi a sassauta dokar na ɗan lokaci, hukumar kare muhalli ta ƙi a watan Nuwamba. Abin da ɗalibai kan yi mamakinsa shi ne, a irin wannan hali farashin nama yakan fara sauka ne, saboda masu kiwo suna rige-rigen rage garke. Tsadar sai daga baya take zuwa, lokacin da kowa ya manta da dalilinta.

Sin ita ce babbar makaranta a wannan fanni, don haka bari in ɗan daɗe a kanta. Daga wajen 2015 hukumomi suka shiga rufe wuraren kiwo da ke kusa da koguna da birane, musamman a kudu, saboda gurɓatar ruwa. Manufar tana da hujja, amma sakamakonta shi ne kiwo ya koma arewa, ana jigilar aladu masu rai dubban kilomita zuwa inda masu ci suke. Sai zazzaɓin aladu na Afirka ya ɓulla a birnin Shenyang a watan Agustan 2018. Cutar ba ta kama mutum, amma tana kashe kusan duk aladen da ta kama, kuma a lokacin babu rigakafi. Motocin jigilar nan suka zama ƙafafunta.

Gwamnati ta yi abin da littafi ya ce: kashe garken da ya kamu, hana ciyar da aladu ragowar abincin gidajen cin abinci, hana fitar da aladu masu rai daga lardin da cutar ta shiga. Ta sa diyyar yuwan 1,200 kan kowane alade. Matsalar ita ce wani kaso na diyyar daga aljihun ƙananan hukumomi zai fito, su kuwa ba su da shi, don haka ba su ɗokin tabbatar da ɓullar cuta. Mai kiwo da ya ga alamar ciwo, ya kuma san diyya ba tabbas, sai ya yi maza ya sayar. Hana jigila kuma ya raba kasuwa gida biyu: a lardunan kiwo farashi ya zube saboda aladu sun rasa hanyar fita, a lardunan ci ya tashi. Zuwa kakar 2019 alƙaluman ma'aikatar noma sun nuna garken ƙasar ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Naman da aka samar ya sauko daga tan miliyan 54 a 2018 zuwa kimanin miliyan 42 da rabi a 2019, sannan miliyan 41 a 2020. A Nuwamban 2019 farashin ya ninka na shekarar da ta gabata har da ɗoriya, kuma shi ne babban abin da ya ja hauhawar farashin ƙasar ya haura kashi 5 a Janairun 2020.

Nan ne aka ga iyakar abin da ake kira rumbun gwamnati. Sin tana ajiye daskararren naman alade kamar yadda wasu ƙasashe ke ajiye man fetur, tsarin da aka ƙarfafa bayan wata annobar aladu a 2007. A Satumban 2019 aka riƙa fitar da tan 10,000 a lokaci guda. Adadin yana da daɗin ji a labarai. Amma yi lissafi: ƙasar da ke cin sama da tan miliyan 50 a shekara tana cin kusan tan 150,000 a rana, don haka tan 10,000 bai kai cin awa biyu ba. Amfanin rumbun a ganina saƙo ne kawai ga 'yan kasuwa masu ɓoye kaya da kuma jama'a kafin bukukuwa, cewa hukuma tana kallo. Abin da ya cike giɓi da gaske shi ne buɗe iyaka. An rage harajin shigo da daskararren nama daga kashi 12 zuwa 8 a farkon 2020, an amince da ƙarin mayankan ƙasashen waje, aka shigo da sama da tan miliyan 4 a shekarar, abin da ba a taɓa yi ba.

Sai kuma aka zo ga gyaran gangar Abzinawa. Don a dawo da garke, gwamnati ta ba da tallafin gina gonaki, bashi mai sauƙi, filaye, ta kuma sassauta dokokin muhallin da ta tsaurara a baya. Ga riba mai tsoka, ga tallafi, manyan kamfanoni suka shiga gini ba ji ba gani, har da benen aladu mai hawa 26 a Ezhou ta lardin Hubei. Duk suka haihu a lokaci ɗaya. Cikin 2021 farashin alade mai rai ya faɗi da fiye da rabi, kamfanonin da suka yi ribar tarihi a 2020 suka tafka asara, gwamnatin da ke fitar da nama daga rumbu ta koma saye tana zubawa. Tun daga nan ta canza salo. Hukumar tsare-tsaren ƙasar tana bin ma'aunin farashin kilon alade a kan na kilon masara: wajen 7 da 1 mai kiwo yana mayar da kuɗinsa, in ya sauka ƙasa da 5 da 1 sai a shiga saye. Ma'aikatar noma kuma ta sa adadin iyaye mata da take so a riƙe, miliyan 41 a 2021, ta rage zuwa miliyan 39 a 2024. Wato sun gane cewa a cikin garke ake saita farashi, shekara guda kafin a gan shi a teburin mahauci.

Iyakar ƙasa ita ce hanya mafi sauri, kuma ita ce aka fi amfani da ita don abin da bai shafi abinci ba. A 2018, da rikicin ciniki ya ɓarke tsakanin Amurka da Sin, harajin naman aladen Amurka a Sin ya tashi daga kashi 12 zuwa 62. Meziko, wadda ke sayen cinyoyin alade masu yawa daga Amurka, ita ma ta sa kashi 20 don rama harajin ƙarafa. Naman da ya rasa mai saye a waje ya tsaya a gida, mai saye a Amurka ya samu sauƙi, mai kiwo ya sha wuya, gwamnatin Trump ta biya su dala 8 kan kowane alade ta kuma sayi nama ta raba wa cibiyoyin ciyar da mabuƙata. A Satumban 2020 an samu zazzaɓin aladu na Afirka a jikin mataccen aladen daji a jihar Brandenburg ta Jamus. Cikin kwanaki Sin ta rufe ƙofa ga naman Jamus gaba ɗaya, Sifaniya ta kwashi kasuwar. Akwai wani abu a nan da ba a cika lura da shi ba. Abin da Turawa ke sayar wa Sin ya haɗa da kunnuwa, ƙafafu da kayan ciki, waɗanda ba su da daraja a gida. In wannan kasuwa ta rufe, mayanka sai ta nemi kuɗin dabbar daga sassan da ake ci a gida, ko ta rage abin da take biyan mai kiwo. Shi ya sa da Sin ta buɗe binciken naman aladen Tarayyar Turai a Yunin 2024, jim kaɗan bayan Turai ta sanar da haraji kan motocinta masu lantarki, kowa ya san inda aka nufa.

Rasha ta bi hanyar ta ɗaya ɓangaren. Ta hana naman aladen Tarayyar Turai a Janairun 2014 da hujjar cuta, ta faɗaɗa hanin zuwa yawancin abincin ƙasashen Yamma a Agusta, ta zuba tallafi a manyan gonaki. Cikin 'yan shekaru ta wadatu har tana fitarwa. Masu son rufe iyaka suna yawan kawo wannan misali, kuma nasarar gaskiya ce, sai dai ba sa faɗin wanda ya biya: mai saye a Rasha da ya sha tsada a shekarun farko, da baitulmali. A Turai kuwa sai da hukumar Tarayyar ta biya 'yan kasuwa kuɗin ajiye nama a firiji a 2015 da 2016 don farashi ya daina zubewa.

Ƙayyade farashi shi ne abin da jama'a suka fi nema, shi ne kuma mafi rauni. A Fabrairun 2021 shugaba Duterte na Filifin ya sa iyaka ta kwana 60 a yankin Manila: feso 270 kan kilon kafaɗa da cinya, 300 kan naman ciki. Zazzaɓin aladu ya riga ya cinye garke, mahauci yana sayo nama kusan a kan farashin da aka ce ya sayar. Me zai yi? Da yawa suka rufe tebur suka tafi gida. Bayan wata biyu zuwa uku gwamnati ta koma ga abin da ya kamata ta fara da shi, ta rage harajin shigowa, ta ɗaga adadin da ake shigowa da shi a kan ƙaramin haraji daga kimanin tan 54,000 zuwa 254,000, su kuma masu kiwo na gida suka yi ca a kanta. Hungari ta daskarar da farashin cinyar alade da wasu kayan masarufi daga Fabrairun 2022 zuwa tsakiyar 2023. Shaguna suka ƙayyade adadin da mutum zai saya, suka fanshe asararsu a kan sauran kaya, ƙasar kuma ta ƙare da hauhawar farashin abinci mafi girma a Tarayyar Turai, sama da kashi 40. Abin lura, ita wannan Hungari a 2016 ta rage harajin sayayya kan naman alade daga kashi 27 zuwa 5, farashi ya sauka a shaguna, saye ya ƙaru, kuma babu wanda ya rufe tebur. Bambancin a fili yake: a rage haraji gwamnati ce ta ɗauki nauyin, a ƙayyade farashi ɗan kasuwa aka ɗora wa, shi kuwa yana da ƙafar guduwa.

Kada ka ɗauka shugabanni ba su san wannan ba. Tsoro ne. A Folan ƙarin farashin nama ana dab da Kirsimeti a 1970 ya jawo boren da ya kayar da shugaban jam'iyya mai mulki, Gomulka, wani ƙarin a Yulin 1980 kuma ya kunna yajin aikin da ya haifi ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc. A ƙasar da wannan nama yake cikin tukunyar kowa, farashinsa ma'aunin zaman lafiya ne.

Dokokin jin ƙan dabbobi suna ƙara kuɗin kiwo, wannan babu musu. Tambayar ita ce a kan wa dokar ta hau. Birtaniya ta hana tsare mata masu ciki a ƙuntataccen keji a 1999, shekara 14 kafin Tarayyar Turai ta yi nata hanin a 2013, amma ba ta hana shigo da naman da aka yi kiwonsa a kejin ba. Garkenta ya ragu ƙwarai, naman Denmak da Holan ya cika shaguna. Akwai wasu dalilan, irin su ƙarfin fam da annobar 2000 da 2001, amma darasin ya zauna. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta ɗauke shi: dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 2018 ta hau kan sayarwa ne, duk inda aka yi kiwon, ta ce kowace uwa ta samu fili kimanin murabba'in mita 2.2. Jihar tana cin kusan kashi 13 na naman aladen Amurka, ba ta kiwon komai a kai. Masu kiwo suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, suka sha kaye a Mayun 2023. Farashin sassan da dokar ta shafa ya tashi a jihar, saye ya ragu.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wato buƙata. Ka rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa: rage saye saboda tsada, da canjin sha'awar mutane. Na farko gwamnati tana iya jawo shi gobe. Nazarce-nazarcen da aka yi a Amurka sun nuna in farashi ya tashi da kashi 10, saye yana raguwa da kimanin kashi 7. Tunda saye ba ya raguwa daidai da tashin farashi, ƙaramin giɓi a kasuwa yana buƙatar babban tsalle a farashi kafin a daidaita. Abin da ya faru a Sin ke nan, nama ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, farashi ya ninka. Kuma wannan adadi matsakaici ne da ke ɓoye gaskiya. Mai hali ba ya rage komai. Talaka ne ke sauka daga tsoka zuwa kitse da kayan ciki, daga nan zuwa kaza da ƙwai, daga nan ya bari. Duk harajin da aka sa wa nama don lafiya ko muhalli, kamar yadda ake ta muhawara a Jamus kan ɗaga shi daga rangwamen kashi 7, a kan wannan mutumin zai fi sauka.

Kaza ce ke cin ribar kowane rikici, saboda kwana 40 zuwa 45 sun ishe ta, alade kuwa shekara. Kuma wanda ya koyi dafa kaza a shekarar tsada ba lallai ya dawo gaba ɗaya ba.

Canza sha'awa kuwa aiki ne mai wuya, gwamnati ba ta cika yin nasara a kai ba. A 1985 majalisar Amurka ta kafa dokar cire wani ɗan kaso daga kuɗin kowane alade da aka sayar don talla da bincike, aka yi shekaru ana tallata shi a matsayin farin nama mai kama da kaza. Duk da haka abin da Ba'amurke ke ci a shekara ya tsaya wajen kilo 23 shekaru da dama, na kaza ya ninka. Ta ɗaya gefen, hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo cutar kansa a Oktoban 2015. An yi surutu na makonni, kasuwa ta girgiza kaɗan ta koma yadda take. Abubuwan da ke motsa buƙata da gaske su ne samun kuɗi, ƙaura zuwa birni, tsufan al'umma, da tsoron cuta. Tsoron ma ba ya bin ilimi: a farkon annobar Sin mutane sun ƙaurace wa naman duk da cewa cutar ba ta kama ɗan Adam, abin da ya danne farashi na wasu watanni ya kuma ɓoye girman ƙarancin da ke tafe.

In za ka yi nazarin wata manufa, kada ka tsaya kan farashi ɗaya. Akwai na ƙofar gona, akwai na shago, kuma suna iya rabuwa. A Afrilun 2020 korona ta rufe manyan mayankan Amurka, aladu suka taru a gonaki har aka kashe wasu aka binne, farashinsu ya zube, a daidai lokacin da nama ke tsada a shaguna. Sai da shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarnin barin mayankan a buɗe a ƙarshen watan. Inda kamfanoni ƙalilan ke riƙe da yanka, tallafin da aka ba mai kiwo ko harajin da aka sauke wa mai saye yana iya maƙalewa a tsakiya. Don haka ka samo jerin farashin masara, na alade mai rai, na shago da adadin iyaye mata, wata-wata, na aƙalla shekara biyu kafin manufar da shekara biyu bayanta, ka sa na kaza a gefe, sannan ka duba a wane mataki na zagayen aka sa hannu a kan takardar.